Baba Tsoho, Mai Shawara da Ƙafafunsa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kakana na wajen uwa, wanda duk gidan muke kira Baba Tsoho, ya koma ranar wata Talata bayan azahar, a kan gadonsa, a gidansa na unguwar New Bell a birnin Duwala. Na fara da faɗin inda ya cika ne saboda a kwana ukun da aka yi ana zaman makoki na ji an kashe shi a wurare huɗu, duk a kan keke.

Wani mai goro daga kasuwar Marché Central ya ce tirela ce ta buge shi a unguwar Ndokoti. Wani ɗan benskin, cikin masu ɗaukar mutane a babur, ya ce a hanyar PK 14, can bakin gari, ya faɗi, kuma da idonsa ya gani. Da Kawu, babban ɗan marigayin, ya ce masa tsohon ya yi mako uku bai fita ƙofar gida ba, sai ya ce to ai kafin nan ne. Wani tsohon akawu da suka yi aiki tare a unguwar Bonanjo ya zo da kwat da laktaye, ya sha wahala kafin ya iya zama a tabarma, ya yi kuka sosai. Ya ba da labari da Faransanci cewa a duk shekarun da Baba Tsoho ya yi yana raba wasiƙun ofis, sau ɗaya takarda ta jiƙe a hannunsa, ita ma ya shanya ta a kan wayar mai tsire, ta isa teburin darakta a kan lokaci tana ƙamshin yaji. Liman ya rufe baki da hannun riga.

Kafin a yi sadakar uku masu ta'aziyya sun rabu gida biyu. Wasu sun ce keke ne ya cinye masa zuciya. Wasu sun ce a'a, ɗaure keken da aka yi da sarƙa ne ya karya shi. Duk ɓangarorin biyu idan sun gama magana ni suke kallo, domin kowa a unguwa ya san makullin kwaɗon a wuyana yake. Ni kuwa ko gaisuwa ce ta yi tsawo sai na fara neman butar da zan cika. Abin da na kasa faɗa a kan tabarma shi ne nake rubutawa.

A gidansa na zauna tun da na shiga jami'a. Ya same ni yaro mai littafi, wanda idan baƙi sun shigo yake shiga ɗaki ya jira su tafi. Wasan kaka da jika da kowa ke yi, ni ban iya ramawa ba, shi kuwa bai taɓa ɗaga mini ƙafa ba. Kakata, wadda muke kira Iya, takan ce da ni angonta, ta zuba mini naman da ya fi taushi. Shi kuma ya leƙo kwanona ya ce, «Dubi wanda zai ƙwace mini mata. Ƙwauri kamar bakin biro. Ko keke bai iya ba.»

Wata rana ya jawo wani tsohon keke daga bayan ɗakin girki, ya sa masa sabbin tayoyi, ya jingina shi a ƙofar ɗakina. Haka keken ya kwana huɗu yana tare mini hanya, ina raɓawa ta gefe, har kunya ta sa na hau.

Tun da ya bar aiki yake atisaye. Kwana uku a mako yakan zaga cikin gari kafin motoci su farka, ranar Lahadi kuma shi da amininsa, wani tela da ke layinmu, su kama hanyar Yawunde har PK 14, su sha shayi su juyo. Keken nasa baƙi ne, mai nauyi, da ƙararrawar da ake ji daga masallaci. Yakan tura ƙafar wandonsa cikin safa, ya ɗaure babbar riga a ƙugu. Yaran da ke sa matsattsun kaya masu launi su wuce su kamar iska, bayan an yi hawa biyu sai a tarar da su a gindin mangwaro suna haki, ya kaɗa musu ƙararrawa ya ce, «Doucement, yarana,» wato a bi a hankali.

Yana da hanyarsa ta sanin ko ranar ta atisaye ce. Ba ya yanke shawara a gida. Bayan asuba yakan hau a hankali har karefur, wato mahaɗar hanyoyi, inda wata mata ke tuyar makala, irin fanken can, tafiyar kamar minti goma. A nan zai tsaya, ya sauke ƙafar hagu, ya sunkuya ya dubi gwiwoyinsa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, «To, ku biyu, yau da tafiya?» Sai ya karkata kai yana saurare. Mai makala ta ɗaga matsami ta ce, «Papa, me suka ce?» Ya ce, «Sun ce bismilla.»

Na tambaye shi dalili. Ya ce, «Abin da jiki ya gaya maka a kan katifa, ba shi ne ke magana ba, katifar ce. Fito da shi waje ya sha iska, sannan ka tambaye shi.»

Na ce, «Sun taɓa ce maka a'a?»

Ya yi tunani. «Sau ɗaya ta dama ta so gardama. Ta hagu ta ba ta baki.»

Ni ban yarda da shawarar gwiwa ba. Na karanta cewa masu tseren keke kan ƙirga bugun zuciyarsu da zarar sun farka, idan ya fi na kullum su huta. Na sayi littafi mai bango kore, na ja layuka da rula: kwanan wata, awannin barci, bugun zuciya, sai layi na ƙarshe da na sa wa suna «yadda nake ji». Da ya gani ya kira Iya ta zo ta ga abin mamaki. «Angonki sai ya buɗe ofis kafin ya san ko ya gaji.» Daga ranar sunana ya koma Akawu.

Sau da yawa nakan tashi jikina kamar an daka, na rubuta «ba daɗi» a layi na ƙarshe, na ce masa yau ba zan iya ba. Yakan ce, «Raka ni karefur kawai, ka juyo.» Kafin mu kai, nauyin ya sauka, na ji kunyar juyawa. Na lissafa daga baya: cikin safiya goma sha ɗaya da na rubuta «ba daɗi», tara na kai har ƙarshen hanya lafiya lau. Na nuna masa lissafin, ya ce da na tambaye shi da ya rage mini tawada.

Faɗanmu guda ɗaya a kan akasin haka ne. Wata Lahadi na tashi jikina wasai, ina jin zan iya kaiwa har garin Edeya. Ita ce ranar da na ƙudurta zan riga shi isa PK 14. A karefur, bayan ya gama da gwiwoyinsa, sai ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana kallon idona.

«Akawu, koma gida.»

«Lafiyata ƙalau, Baba Tsoho.»

«Kai kake ji, ni nake gani. Idonka na ƙyalli kamar na akuyar da ta ci rogo. Koma.»

Tela ya yi dariya, mai makala ta yi dariya. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce tsoro yake ji kada na wuce shi a gaban abokinsa. Sai ya sunkuya ya kwance bawul ɗin tayata ta gaba, iska ta fice, ya sa famfon a aljihunsa, suka tafi. Na turo keke gida. Kafin la'asar zazzaɓin sauro ya kwantar da ni, haƙorana na haɗuwa. Da na sami sauƙi na buɗe littafin, sai ga bugun zuciyata na safiyar ya haura na kullum nesa ba kusa ba. Da hannuna na rubuta, na gani, na rufe, saboda ina jin daɗin jikina. Kwana ukun da na yi a kwance shi ya riƙa kawo mini kunu da kansa, yana zama a bakin gado yana duba littafin a juye. Ya ce, «Wannan abin ya fi ka hankali. Ka riƙa gaishe shi.»

Bara da damina numfashinsa ya fara gajarta. Ƙafafunsa suka riƙa kumbura da yamma. Kawu ya kai shi asibiti da ƙyar, likita ya ce hawan jini ne, kuma zuciya ta gaji. Ya hana hanyar PK 14 gaba ɗaya. Ya ce idan an sami ranar da bugun ya kwanta, ƙafa ba kumburi, yana iya ɗan zagawa a hankali inda ba hawa. Baba Tsoho ya dawo gida ya sanar da cewa likita ya ce keke magani ne.

Washegari Iya ta sa Kawu ya sayo sarƙa da kwaɗo a kasuwa, aka ɗaure keken a jikin ginshiƙin baranda. Aka yi ta neman wanda zai riƙe makulli. Kawu ya ce shi ba zai iya kallon idon mahaifinsa ya hana shi ba. Iya ta ce ita shekara hamsin yana yaudararta da daɗin baki. Ta juyo ta rataya mini igiyar a wuya. «Angona ba ya ƙarya, kuma yana da littafi. Duk safiya ka ƙirga. Ka ga da kyau ka buɗe, ka ga babu kyau ko kuka yake kada ka buɗe. Idan wani abu ya same shi a hanya, kai zan tambaya.»

Haka na buɗe masa shafi a bayan littafina, na zama ni ke ba kakana izinin fita.

Layin «yadda nake ji» bai taɓa ba ni wahala ba, domin amsarsa ɗaya ce kullum: «Rubuta: kamar ɗan shekara ashirin.» Sauran layukan ne yaƙi. Ya fara kwana da safa biyu don kada na ga kumburi. Ya gano cewa idan ya riƙe numfashi bugun kan canza, sai dai bai gano ta wace fuska ba. Idan ina ƙirgawa yakan jefo mini lambobi, «Sha bakwai, arba'in, tara,» har na ɓata na sake. Ya yi mini alkawarin agogonsa. Ya yi mini alkawarin zai sakar mini Iya. Wata safiya ya ce shi ba ya ba da hannu ga wanda bai yi aure ba.

Wadda ta fi duka ita ce ta wata Alhamis. Na fito na tarar da shi a baranda ya sa babbar riga, tela na zaune dab da shi kamar an ɗinka su tare. Ya miƙo hannu ta cikin rigar yana kallon sama. Na kama na fara ƙirga. Bugun yana gudu, yana tsalle, yana tsayawa ya sake tashi. Sai na lura da ɗan yatsan tsakiya, duk huda-hudar allura.

Na ce, «Baba Tsoho, mai wannan hannun ya je asibiti yau ɗin nan.»

Tela ya zare hannunsa daga rigar ya dube shi kamar ba nasa ba. «Me ka ji?»

Baba Tsoho ya ce wa tela, «Ka ce mini lafiyarka ƙalau.»

«Haka nake ji.»

«Ji. Kowa ji. Na aro hannu, ashe na aro wanda ya fi nawa lalacewa.»

Ranar tela ya fara shan maganin hawan jini, har yau yana sha. A wurin makoki ya ce wa mutane amininsa ne ya ceci ransa, bai dai faɗi ta yaya ba.

Ban ji daɗin aikin nan ba ko kwana ɗaya. Mako bakwai ina rubuta «a'a». Yakan zauna kusa da keken yana goge shi da tsumma, yana juya feda da hannu, tayar baya na yawo a iska. Idan na wuce ya ce, «Ga mai gadin kurkuku.» Na daina hawa nawa keken, domin na kasa fita ta gabansa.

Sai wata Lahadi bayan ruwa ya ɗauke. Na ƙirga bugun, ya kwanta. Na sake ƙirgawa a ɗaya hannun, na duba yatsun don na tabbata nasa ne. Na sa ya cire safa, na danna idon sawunsa, ba kumburi. Ya yi barci mai kyau, Iya ta shaida. Tun da na buɗe shafin ban ga layuka masu kyau kamar na ranar ba.

«Yadda nake ji,» in ji shi, «rubuta ɗan sha takwas.»

Iya ta tsaya a ƙofar ɗaki da carbi. Na duba littafin sau uku ina neman dalilin hanawa, ban samu ba. Na buɗe kwaɗon. Na ce cikin gari kawai, ba hawa, kuma ina biye da shi. Ya ce ya ji. Amma na ga ya sa kuɗin shayi a aljihu, na kuma san a ina yake shan shayin Lahadi.

Ya hau kamar jiya ya sauka. Ya kaɗa ƙararrawa tun daga ƙofar gida, masu buɗe shaguna na ɗaga masa hannu, wani ɗan benskin ya bi shi yana hon. Ina bayansa ina ƙirga yadda kafaɗunsa ke hawa da sauka, ina shirya abin da zan ce idan ya karkata hanyar Ndokoti. Na san ba zan iya tsayar da shi ba. Na san kuma wa za a tambaya.

A karefur ya tsaya. Ya sauke ƙafar hagu. Mai makala ta saki matsami cikin mai don murna. «Papa, ka dawo.»

Ya sunkuya. «To, ku biyu, yau da tafiya?»

Ya karkata kai. Ya daɗe fiye da yadda ya saba. Makala ta fara ƙonewa.

«Papa, me suka ce?»

Ya ɗago yana murmushi ya ce mata, «Suna shawara tukuna.» Sannan ya yafito ni da hannu, na matso, ya rage murya. «Akawu, sun ce a'a.»

Na ce, «Amma littafin...»

«Littafin bai hau keke ba. Su suka hau.» Ya ƙara da cewa, «Ba su kaɗai ba ma. Akwai wani a nan sama da ya sa baki.» Ya taɓa ƙirjinsa da ɗan yatsa.

Ya sauka. Ya zaga bayan keken kamar mai duba wani abu, ya tsuguna, ya kwance bawul ɗin tayar baya da hannun rigarsa a kai don kada a ji ƙara. Da taya ta kwanta sai ya miƙe ya buga tsaki yadda duk karefur za a ji.

«Dubi hanyoyin garin nan. Ƙusa ko'ina. Mutum ya tashi da ƙarfinsa, taya ta ci amanarsa.»

Mutane suka taru suna jajantawa. Wani ya ce ga mai faci can bai buɗe ba, wani ya ce a ba shi aron famfo. Ya ce a bari, tub ɗin ya tsufa. Muka turo kekunan a ƙafa. Tafiyar minti goma ta ɗauke mu kusan awa, yana tsayawa gaisawa da duk wanda ya gani, har da waɗanda bai sani ba, ina riƙe masa keken har numfashinsa ya dawo. Dab da gida ya ce, «Me za ka rubuta?»

Kafin na buɗe baki ya amsa wa kansa.

«Rubuta faci. Idan matar nan ta ji ƙafafuna sun ƙi ni, wurinka za ta koma gaba ɗaya.»

A gaban Iya ya yi ta faɗa da ƙusoshin Duwala. Da kansa ya zagaya sarƙar, ya danna kwaɗon, ya rataya mini makullin. Bai sake neman sa ba. Duk safiya yakan miƙo hannu ba gardama, ba lambobi, ba safa. Layin ƙarshe ne kawai bai canza ba, ɗan shekara ashirin har ranar Litinin.

A shafin wannan Lahadin na rubuta «faci». Ita ce ƙaryata ɗaya tak a littafin, kuma ta fi makullin nauyi. Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, na sami Iya a ɗakinta da hantsi tana zaune a kan darduma cikin takaba. Na ajiye makullin a gabanta, na buɗe shafin, na fara bayani ina in'ina. Na ce ni na buɗe masa, kuma abin da aka gaya mata game da taya ba haka ba ne.

Ba ta bari na ƙarasa ba.

«Angona, mutumin nan da kayan faci yake zuwa sallar Idi. Shekara hamsin ban taɓa ganin ya turo keke gida ba. A bakin hanya yake zama ya gyara, ko ana ruwa.» Ta ja carbi ɗaya. «Tun daga ƙofa na gani. Na ji daɗi da ya tambaye su, suka gaya masa gaskiya, ya kuma ji. Ni ban taɓa samun haka a wurinsa ba.»

Na ciro biro na ce bari na gyara shafin.

Ta dafa hannuna. «Bar masa facinsa.»

Na bar masa. Allah ya yafe mana ni da shi wannan kalma ɗaya, ya yafe masa sauran, ya shimfiɗa masa hanya marar hawa har gidan rahama. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.